Injin Lissafi Da Gidajen Da Suka Raine Shi

Duk ɗalibin da ya shiga ajin lissafi a yau da wuya a rasa kalkuleta cikin jakarsa, wanda ba shi da ita kuwa sai ya ari ta maƙwabcinsa, ko ya latsa ta cikin wayar gidansu. Saboda arharta ba mu cika tambayar inda ta fito ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin kakannin kalkuleta, watau injunan lissafi na ƙarfe waɗanda a ke juyawa da hannu, in kuma nuna yadda su ke aiki. Abin da ya fi jan hankalina cikin tarihin shi ne, yawancin injunan nan a hannun wani gida suka girma. Uba ya fara, 'ya'ya da surukai su ɗora, wani lokaci ma matar mamaci ce ke riƙe kamfanin. Zan kawo gidajen bi da bi, sa'an nan in faɗi abin da na ga ya shafe mu.

Ɗan da ya tausaya wa ubansa

A shekarar 1639 aka naɗa wani Bafaranshe mai suna Etienne Pascal babban jami'in haraji a birnin Rouen na ƙasar Faransa. Aikin ba ƙarami ba ne, domin kuɗin Faransa na lokacin ba goma-goma a ke ƙirga su ba. Ƙananan kuɗi 12 ke ba da matsakaici ɗaya, matsakaita 20 su ba da babba ɗaya. Kakanninmu sun san irin wannan wahala, don haka fam da sule da kwabo su ke kafin a kawo naira a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Wanda ya taɓa tara dogon layi na irin kuɗin nan ya san yadda kai ke ɗaukar zafi.

Ɗansa Blaise, wanda bai cika shekara 20 ba, ya ga uban yana fama, sai ya fara ƙera masa inji a 1642. Faya-faye ne na ƙarfe a jere, kowane yana ɗauke da lambobi. Babbar matsalar ita ce abin nan da a ke koya mana tun firamare, watau in 7 da 5 suka ba da 12, a rubuta 2 a riƙe 1. Yaya ƙarfe zai riƙe ɗaya? Blaise ya sa wani ɗan ƙarfe mai nauyi wanda ke ɗagawa kaɗan-kaɗan yayin da faifai ke juyawa, da zarar faifan ya tashi daga 9 ya koma 0 sai ƙarfen ya faɗo ya tura faifan da ke gaba taki ɗaya. Ya yi gwaji wajen 50 kafin ya gamsu, kuma a 1649 Sarkin Faransa ya ba shi takardar da ta hana kowa kwaikwayon injin. Duk da haka ciniki bai yi ba. Injin ya yi tsada, waɗanda aka ƙera ba su wuce 20 da wani abu ba. Amma dai an ga hanya, kuma abin lura shi ne buƙatar cikin gida ce ta haifi dabarar.

Gidan Thomas da matar Payen

Wanda ya fara mai da injin lissafi abin sayarwa sosai shi ne Charles Xavier Thomas, mutumin garin Colmar, shi ma Bafaranshe. Ya yi aikin kula da guzurin sojojin Faransa, inda lissafi ba ya ƙarewa. A 1820 ya sami takardar shaidar ƙirƙirar injinsa, amma sai ya shagala da kafa kamfanonin inshora a Faris, bai fito da injin kasuwa ba sai a 1851, watau bayan shekara 31. Ribar inshora ce ta ciyar da injin duk tsawon lokacin. Kafin ya rasu a 1870 an ƙera wajen guda 1,000, bankuna da ofisoshin gwamnati da kamfanonin inshora suna saye.

Da ya rasu ɗansa, Thomas de Bojano, ya riƙe masana'antar har shi ma ya rasu a 1881. Daga baya injiniyan gidan, Louis Payen, ya karɓi aikin gaba ɗaya. Payen ya rasu a farkon ƙarni na 20, sai matarsa ta ci gaba da tafiyar da kamfanin, har a kan buga wa injunan tambari mai cewa daga matar marigayi Payen suka fito. Ta riƙe shi fiye da shekara 10, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tsai da aikin. Macen da ba ta san inda a ke sayen tagulla ba, ba ta san albashin maƙera ba, ba ta san masu bin bashi da waɗanda a ke bi ba, ba za ta yi ko wata shida a kan wannan kujera ba.

Gidan Odhner, da yadda injinsu ke aiki

Injin Thomas yana da aibi ɗaya, nauyi. Akwatin katako ne mai tsawon kamu ɗaya ko fiye, a ciki kowace lamba tana da nata gangar ƙarfe mai haƙora tara, wani ya fi wani tsawo. Wanda ya rage wannan nauyi shi ne Willgodt Odhner, mutumin Suwidin, an haife shi a 1845. Ya tafi neman aiki birnin St. Petersburg na Rasha, ya shiga masana'antar Ludvig Nobel, wan Alfred Nobel mai kyautar nan da a ke bayarwa duk shekara. Wajen 1873 ya ƙera injinsa na farko, ya kuma yi wa maigidansa guda 14 a 1877, amma bai fara ƙera su da yawa a masana'antar kansa ba sai a 1890.

Dabararsa ita ce, maimakon ganga sai siririn faifai mai ƙusoshi tara waɗanda ke iya leƙowa ko su koma ciki. Kowane faifai yana da 'yar sanda a jikinsa. In ka ja sandar zuwa 7, ƙusoshi bakwai su fito, biyu su ɓuya. A gefen injin akwai hannu irin na keken ɗinki. In ka juya shi sau ɗaya, ƙusoshin bakwai su tura ƙafar da ke nuna amsa taki bakwai, sai 7 ta bayyana a 'yar tagar da ke ƙasa. In ka juya baya, ɗebewa ke nan. Da ya ke faya-fayen sirara ne, a kan jera su da yawa a ɗan wuri, injin ya zauna a kusurwar tebur.

To, yaya a ke ninkawa? Ninkawa tarawa ce a kai a kai. A ce muna son 247 sau 36. Mai garaje zai juya hannu sau 36, amma akawun da ya ƙware ba ya yin haka. Zai jera 247 a sandunan, ya juya sau 6, taga ta nuna 1,482. Sa'an nan ya zame mazaunin tagogin gida ɗaya, yadda kowane juyi zai zama na gomomi, ya juya sau 3, watau ya ƙara 7,410. Taga ta nuna 8,892. Juyi tara kacal. In kuwa 247 sau 99 ne, sai ya zame gida biyu ya juya sau ɗaya ya sami 24,700, ya dawo gidan farko ya juya baya sau ɗaya ya cire 247, amsa 24,453. Juyi biyu maimakon 18. Rabawa kuwa ɗebewa ce a kai a kai, in ka ɗebe fiye da abin da ke akwai sai wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa, ka koma juyi ɗaya. Na gwada waɗannan a takarda, na ga wanda ya fahimce su ya fahimci dalilin da ya sa mu ke matsawa gida ɗaya hagu in muna doguwar ninkawa a allo.

Odhner ya buɗe reshe a Jamus a 1891, amma nisa ya sa ya kasa riƙe wuri biyu, ya sayar wa wani kamfani na garin Braunschweig a 1892, su kuma suka riƙa ƙera injin da sunan Brunsviga. Ya rasu a 1905, shekara 15 kaɗai bayan kasuwa ta buɗe. 'Ya'yansa Alexander da Georg, da surukinsa Karl Siewert, suka ci gaba, har adadin injunan da aka ƙera a St. Petersburg ya kai wajen 23,000.

Sai juyin juya halin Rasha na 1917 ya zo. Sabuwar gwamnati ta ƙwace masana'antu, ta gidan Odhner ma ba ta tsira ba. Gini da injunan ƙira da kayan aiki duk suka zama na hukuma, daga baya ma aka kwashe su zuwa Mosko a 1924, aka riƙa ƙera injin da sunan Felix. Iyalin suka koma Suwidin, ƙasar da ubansu ya bari tun yana saurayi. A 1918 suka kafa sabon kamfani a birnin Gothenburg, suka sa masa suna Original-Odhner, watau Odhner na asali, don a bambanta nasu da na masu kwaikwayo. Ba su ɗauko gini ba, ba su ɗauko injin ƙira ba. Abin da suka tsallaka teku da shi shi ne sanin aikin da sunan gidan, kuma waɗannan biyu sun isa aka sake tashi.

Gidan Herzstark

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na gidan Herzstark a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. Samuel Herzstark ya kafa masana'antar injin lissafi a can a farkon ƙarni na 20, yana ƙera irin na Thomas da gyare-gyarensa. An haifi ɗansa Curt a 1902. Yaron a cikin masana'anta ya tashi, yana ɗan shekara 8 ya riga ya iya sarrafa injin har yana nuna wa baƙi a wurin baje koli. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma uban bai tsaya nan ba. Ya sa shi koyon aikin hannu tare da sauran yaran maƙera, ya sa shi makarantar koyon injiniya, sa'an nan ya tura shi yawon talla. A wurin tallan ne Curt ya riƙa jin magana ɗaya daga bakin masu saye: magina da masu awon ƙasa da 'yan kasuwa matafiya suna son injin da zai shiga aljihu.

Abin da ya hana a ƙanƙanta inji shi ne ɗebewa, domin tana buƙatar ƙarin ƙarafa masu juya aiki baya. Curt ya ga za a iya ɗebewa ta hanyar tarawa. Ga yadda abin ya ke. A ce 852 a cire 327. Ka nemi cikon kowace lamba ta 327 zuwa 9: cikon 3 shi ne 6, cikon 2 shi ne 7, cikon 7 shi ne 2, watau 672. Tara 852 da 672, ka sami 1,524. Jefar da 1 na farko, saura 524, ka ƙara 1, ka sami 525. Duba da kanka, 852 a cire 327 ai 525 ne. Da wannan dabara ganga ɗaya tak a tsakiyar inji za ta yi tarawa da ɗebewa duka. Ya nemi takardar shaidar ƙirƙira a 1938.

Amma lokaci ya riga ya ɓaci. Uban ya rasu a 1937, a watan Maris na 1938 kuma Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus. Samuel Bayahude ne, ko da ya ke matarsa ba Bayahudiya ba ce, saboda haka a idon 'yan Nazi Curt rabin Bayahude ne. Aka hana masana'antar ƙera injin lissafi, aka tilasta mata yin ma'aunai don sojan Jamus. A 1943 aka kama Curt, aka kai shi kurkuku, daga nan sai sansanin Buchenwald kusa da garin Weimar, inda mutane wajen 56,000 suka mutu saboda yunwa da cuta da aikin bauta da kisa.

Abin da ya tsirar da shi shi ne aikin da ya koya a gidan ubansa. Masu tsaron sansanin suka ga makaniki ne ƙwararre, suka sa shi a masana'antar da ke jikin sansanin. Da suka ji labarin ƙaramin injin, suka ba shi izinin zana shi a lokacin hutunsa, da nufin su miƙa wa Hitila kyauta in an ci yaƙi. Ba shi da takardunsa na gida, daga ka ya sake zana kowane haƙori da kowace ƙusa. Sojojin Amurka suka buɗe sansanin ran 11 ga Afrilu, 1945, Curt ya fito da zanensa a hannu. Wata masana'anta a yankin ta ƙera masa guda uku na gwaji, ya gudu da su Vienna don kada sojojin Rasha su tafi da shi.

Sarkin Liechtenstein, wata 'yar ƙaramar ƙasa tsakanin Ostiriya da Suwizalan, ya gayyace shi, aka kafa masana'anta a can, injin ya shiga kasuwa wajen 1948 da sunan Curta. Yana zama cikin tafin hannu, nauyinsa wajen giram 230, yana tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Masu kuɗin kamfanin sun so su ture shi gefe su soke hannun jarinsa, amma takardun shaidar ƙirƙira da sunansa su ke, dole suka zauna suka daidaita da shi. An ƙera wajen guda 140,000 kafin a daina a farkon shekarun 1970. Curt ya rasu a 1988.

Da kiɗa ya sauya

Waɗanda suka taimaka wajen rufe kasuwar injin ƙarfe su ma 'yan gida ɗaya ne. A 1946 Tadao Kashio ya buɗe ɗan shagon ƙira a Tokiyo, ƙannensa uku, Toshio da Kazuo da Yukio, suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fara kawo musu kuɗi zobe ne mai riƙe taba sigari. A 1949 suka ga injunan lissafi na ƙasashen waje a wani baje koli, suka zuba ribar zoben cikin neman nasu. A 1957 suka fito da inji mai aiki da lantarki zalla, babu faifai babu haƙori, girmansa kamar tebur, suka kafa kamfanin Casio, suka ɗora ubansu Shigeru a kujerar shugaba. Sun raba aiki: babban wa ya kula da kuɗi da tafiyar da kamfani, Toshio ƙirƙira, Kazuo ciniki, Yukio ƙira. A 1972 suka fito da Casio Mini, 'yar ƙarama mai araha, aka sayar da miliyan ɗaya cikin wata goma.

A Suwidin kuwa, tun 1942 kamfanin Odhner ya shiga hannun kamfanin da ke ƙera injin Facit, wanda shi ma uba da ɗa, Elof Ericsson da Gunnar, suka shugabanta bi da bi. A 1970 suna da ma'aikata wajen 14,000, ƙarfensu ba shi da na biyu wajen kyau. Amma sun yi jinkirin komawa lantarki, cikin shekara biyu ciniki ya faɗi, har aka sayar da kamfanin ga Electrolux. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abin da ya shafe mu

Abu na farko da na lura da shi shi ne tsawon jira. Thomas shekara 31, Odhner 17, Curt 10, 'yan'uwan Kashio 8. Baƙon da ya ba da rance ba ya jira haka, sai wanda ke ci tukunya ɗaya da kai. Kuma sau da yawa mai dasa itacen ba shi ke shan inuwarsa ba, don haka in ba a shirya magaji ba wahalar ta tafi a banza.

Na biyu, gado iri biyu ne. Akwai na gini da kuɗi, akwai na sani. An ƙwace na farko daga gidan Odhner a rana ɗaya, an rufe Curt a bayan waya mai ƙaya, amma babu wanda ya iya ƙwace na biyun. A nan na ke roƙon iyayenmu masu shago da masu gareji da masu ɗinki da masu fatauci, ku buɗe mana littafin ciniki tun kuna da ƙarfi, maza da mata. Mu san inda a ke saro kaya, da yadda a ke sa farashi, da wanda a ke ba bashi da wanda ba a ba. Gidaje nawa muka gani shago ya rufe kafin a yi sadakar arba'in, ba don babu kaya ba, sai don mai shi ya tafi da lissafin a kansa?

Na uku ya shafe mu ɗalibai. Akwai daga cikinmu masu jin kunyar a gan su a rumfar ubansu ranar Asabar, suna ganin wanda ya sa rigar makaranta ya fi ƙarfin awo da gwaji. Akwai kuma iyayen da ke cire yaro daga aji don ya tsare shago. Samuel Herzstark bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Makaranta ta ba ɗansa dabarar ciko zuwa tara, masana'anta ta ba shi hannun da zai mai da ita ƙarfe, talla kuma ta gaya masa abin da mutane ke so. Labarin Facit kuwa ya nuna riƙon sana'ar gado ba ya nufin a yi ta yadda kaka ya yi ta har abada, kuma ɗan da ya yi karatu shi ya fi cancanta ya hango sauyi tun yana nesa.

Ga ɗan aiki na hutu, a yi shi tare da wani babba a gida. Da injin Odhner, juyi nawa ne mafi ƙaranci da zai ba ka 638 sau 98, kuma mece ce amsar? Sa'an nan ka cire 268 daga 704 ta hanyar ciko zuwa tara, ba tare da ka yi aro ba. In an gama, sai ka roƙi baba ko inna su nuna maka shafi ɗaya na littafin cinikinsu, ka tara musu shi.